Babbar Sallah a ƙasar Gumel: yadda ɗalibanmu suka yi mana jagora

Shirin yi wa ƙasa hidima, wanda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973 bayan yaƙin basasa, yana ɗaukar matashin da ya gama karatu ya kai shi jihar da ba tasa ba, ya yi shekara guda a can. Ta wannan hanya muka haɗu mu biyar a sansanin Fanisau da ke Dutse, aka kuma rarraba mu makarantun ƙasar Gumel mu koyar da Turanci a ƙananan azuzuwan sakandare. Biyu daga cikinmu Hausawa ne, ɗaya daga Zamfara ɗaya daga Kebbi, kuma mu ne muka zauna muka rubuta muku wannan labari. Sauran ukun daga Kudu suke: wata Bayarabiya daga Ijebu a jihar Ogun, wani ɗan Inugu, da wata 'yar Kalaba. A wurinsu zuwa Jigawa tamkar fita ƙasar waje ne, domin ranar da suka sauka ko "ina kwana" ba su iya ba.

Masarautar Gumel na ɗaya daga cikin masarautu biyar na Jigawa, jihar da aka ciro daga Kano ranar 27 ga Agusta, 1991. Ƙananan hukumomi huɗu ne a ƙarƙashinta. Gumel na tsakiya, Maigatari na arewa a bakin iyakar Nijar, Sule Tankarkar na yamma, Gagarawa kuma na kudu maso gabas. Kowannenmu na da makarantarsa a ɗaya daga cikinsu, sai ƙarshen mako muke haɗuwa.

Duk lokacin da muka haɗu, kukanmu ɗaya ne. Yaran suna da ƙwaƙwalwa, da yawansu sukan rubuta amsa daidai a littafi, amma da an ce mutum ya miƙe ya yi magana da Turanci sai aji ya yi tsit. Wanda ya yi ƙarfin hali ya buɗe baki, da ya yi tuntuɓe sau ɗaya aka yi dariya, to ya rufe ke nan har ƙarshen zango. Abin yana damun mu, domin kun sani ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci, kuma yaron da ya tsorata da harshen tun yana aji ɗaya da wuya ya saki jiki da shi a aji shida.

Babbar Sallar 2025 ta faɗo ranar Juma'a, 6 ga Yuni. Hutun gajere ne, kuɗin mota ya yi tsada, sai muka yanke shawarar ba mai zuwa gida. Da yaran suka ji, kowane aji ya ce sai dai a yi sallar a garinsu. Muka ce mun yarda, da sharaɗi guda. Baƙinmu uku ba sa jin Hausa, mu biyu kuma ba za mu yi tafinta ba. Duk abin da ake so baƙo ya gane, ɗalibi ne zai yi masa bayani da Turanci. Ba maki, ba jan biro, ba dariya. Su kuma baƙin kowannensu zai koyi kalmar Hausa goma a kowane gari. Muka nemi izinin iyaye da shugabannin makarantu, aka tsara cewa yara za su zauna a garuruwansu, mu ne za mu riƙa zuwa muna samunsu.

Alhamis a kasuwar Maigatari

Daga Gumel zuwa Maigatari bai kai tafiyar rabin sa'a a mota ba. Kasuwar garin tana ci ranar Alhamis, kuma tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Arewa. Shanu, raƙuma, dawaki, jakuna, awaki da tumaki kowane da ɓangarensa, ga manyan motoci sun yi layi suna jiran lodi zuwa Kudu. A wannan shekara Alhamis ɗin ta dace da jajibiri, ranar Arfa, mutane da dama na azumi, ga rana kamar ta fasa kai.

Yara bakwai ne suka tare mu a bakin kara. Jagoransu wani yaro ne ɗan aji biyu wanda kujerarsa ke can ƙarshen aji, wanda malaminsa bai taɓa jin jimla cikakkiya daga bakinsa ba. Ashe mahaifinsa dillalin tumaki ne, kuma tun yana ƙarami yake bin sa kasuwa. Ɗan Inugu ya nuna wani rago ya tambaya me ya sa rabinsa baƙi rabinsa fari. Yaron ya dube mu yana jiran agaji, muka kau da kai. Ya haɗiyi yawu, ya fara jero kalmomi ɗaya bayan ɗaya, yana cikawa da hannu. Ya ce wannan shi ne Uda, gabansa baƙi ko ja, bayansa fari. Wancan farin ƙato mai lanƙwasasshen hanci da manyan kunnuwa Balami ne, shi ya fi tsada. Ɗan madaidaicin nan kuwa 'Yankasa ne, shi talaka ya fi saya. Ya buɗe bakin wani rago ya nuna yadda ake duba haƙora a gane shekaru, ya kuma bayyana cewa rago mai ido ɗaya ko gurgu ko ramamme ba ya layya.

A nan muka ga inda darasi yake shiga da kansa. Yaron yana ta kiran kowace dabba "sheep", sai baƙon ya gaya masa cewa rago "ram" ne, tunkiya "ewe", ɗan tunkiya kuma "lamb". Nan take ya kama, don ga dabbobin a gabansa. Shi kuma ya koya wa baƙon "albarka", wato abin da mai kaya ke faɗa idan tayi bai yi masa ba, da "na sallama", da "la'ada", rabon dillali.

Ragunan sun yi tsada a ranar. Makonni kaɗan kafin sallar, gwamnatin Nijar ta dakatar da fitar da dabbobi daga ƙasarta don farashi ya sauko wa mutanenta, kasuwannin bakin iyaka irin wannan kuwa da dabbobin can suke cika. Wata yarinya da kakanninta ke tsallaken iyaka ta yi wa baƙi bayanin lissafin sefa: a Hausar Nijar dala ɗaya sefa 5 ce, jaka ɗaya kuma sefa 1,000. Mu ma muka ƙara musu da cewa a farkon wannan shekarar Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Turanci da Faransanci kuma harsunan aiki. Ke nan yaron Maigatari da ya riƙe Hausarsa ya kuma ƙware a Turanci yana da abin sayarwa a ɓangarori biyu na iyaka.

Muka haɗa kuɗi mu biyar muka sayi ɗan 'Yankasa. Mahaifin yaron ya tsaya gefe yana kallon ɗansa yana ciniki da Hausa yana juya wa baƙo da Turanci. Da muka zo biyan la'ada ya ƙi karɓa, ya ce, "Malam, ai an biya ni. Ban san yana jin abin nan haka ba."

Juma'a: hawan sallah a Gumel

Tun da hantsi garin Gumel ya ɗinke. Mu Musulmi uku, har da 'yar Ijebu, muka tafi idi, sauran biyun kuma yara suka samar musu inuwa a hanyar da Sarki zai bi ya koma fada. Bayan an idar da sallah liman ya yanka ragonsa, sai aka ji ƙarar bindiga, aka san Mai Martaba Sarkin Gumel, Alhaji Ahmad Muhammad Sani, wanda ya haura shekara 40 a kan karaga, ya hau.

Aikin yara a nan ya fi na jiya wuya, domin abubuwan da ke wucewa ba su da suna a littafin Turancinsu. Da 'yan lifidi suka zo, wani ya ce riga ce ta auduga mai kauri kamar katifa, ana sa wa doki da mahayinsa don kibiya ta kasa huda su. Da 'yan sulke suka biyo baya, wata ta ce riga ce da aka saƙa da ƙananan zobban ƙarfe. Kakaki ya zama doguwar ƙaho ta ƙarfe da ba a busa wa kowa sai sarki. Jafi ne ya ba su wahala. Suka yi ta gardama a tsakaninsu da Hausa, kana wani ya juyo ya ce: mahaya ne ke sako dawaki a guje, su ja linzami su tsaya cak a gaban Sarki, su ɗaga hannu, ma'ana mu naka ne kuma a shirye muke. Ku lura da abin da suka yi. Da suka rasa kalma, sai suka faɗi siffar abin da amfaninsa. Wannan dabara tana fitar da mutum kunya a kowane harshe, har a ɗakin jarrabawa.

'Yar Kalaba ta ce ita "durbar" ta san ana kiran wannan biki. Muka gaya wa yara cewa kalmar asalinta ta Farisa ce, tana nufin fadar sarki. Turawan Ingila suka tsince ta a Indiya, suka zo da ita nan suka laƙaba wa hawan sallah. Turanci ma aro yake yi, kamar yadda Hausa ta ari "makaranta" daga kalmar karatu ta Larabci, ta ari "mota" daga Turanci.

Da yamma kakan wata ɗalibarmu ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, jikarsa na tafinta. Ya ce Gumel, wadda ake wa laƙabi da Lautai, sarautarta ta Mangawa ce, mutanen ɓangaren Barno. Abin da ya faɗa ya yi daidai da abin da ke rubuce: wajen 1750 Ɗan Juma ya kafa masarautar, ta kasance tana bin Barno, kuma ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba bayan jihadi. Fadar ta taɓa zama a Tumbi, wadda yanzu ke cikin Nijar, kafin ta dawo inda take. Ta yi yaƙe-yaƙe da Haɗeja da Damagaram, Turawa kuma suka shigo a 1903.

Mu kuma muka ba su labarin wani baƙo da ya riga mu zuwa. A 1851 Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya yada zango a Gumel a hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya kuma rubuta cewa garin babbar kasuwar kanwa ce. Barth ya koyi Hausa, kuma a 1855 ya tafi Ingila da wani yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram mai suna Dorugu. Yaron ya koyi Turanci, ya kuma ba wani malami mai suna Schön labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi da Hausa, aka buga su a littafin Magana Hausa a 1885. Daga baya ya dawo gida, ya yi aikin tafinta, ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nassarawa a Kano. Lokacin da ya tsallaka teku bai girmi yayyenku na aji shida ba.

Asabar: suyar nama a Gagarawa

Gagarawa gari biyu ne a haɗe, Gagarawa Gari da Gagarawa Tasha. Tashar ta samo sunanta daga layin dogo da ya taso daga Kano ya bi ta Ringim da Taura, ya wuce Malam Madori har Nguru, inda ya isa a 1930. Ta wannan layi aka riƙa kwasar gyaɗa da fatu a zamanin da. Yara suka zagaya da mu bakin dogon, suna nuna inda kakanninsu ke cewa ana tara buhuna.

Amma ainihin aikin ranar a cikin gida yake. Ragunan da aka yanka jiya sun kwana a rataye sun sha iska, yau ake yanyankawa a soya. Mazan cikinmu suka tsaya a zaure da maigida suna daddatsa ƙashi, matan kuma aka shiga da su ciki. Uwar gidan ta miƙa wa 'yar Kalaba ludayi ta ce, "'Yata, zo ki juya." 'Yan mata uku suka kewaye ta suna bayani: a fara tafasa naman da albasa da citta da kanumfari, a tsame, a soya da kitsensa har ya bushe, a barbaɗa yaji, a zuba a tukunya a rufe. Wanda ya soyu haka yakan yi watanni bai lalace ba, ko babu firji. Suka kuma gaya mata yadda ake rabo: wani kaso na gida, wani na 'yan uwa da maƙwabta, wani na mabuƙata, kuma wasu gidajen sukan ajiye wani yanki har ranar cika-ciki a watan Muharram.

A nan baƙi suka biya nasu bashin. 'Yar Ijebu ta ce da Yarabanci ana kiran wannan sallah Ileya, wato lokacin tafiya gida ya yi. Ta ce a garinsu, Ijebu-Ode, kwana uku bayan sallah ake bikin Ojude Oba, inda zuri'o'i ke hawa dawaki cikin ado su je gaishe da sarki. Yaran suka yi mamaki, don sun ɗauka doki da sallah na Arewa ne kaɗai. Da ta zo kan ma'anar Ileya muryarta ta ɗan rawa, don wannan ce sallarta ta farko ba tare da mahaifiyarta ba. Uwar gidan ba ta jira tafinta ba, ta cika mata kwano da nama ta ce, "Nan ma gida ne." Ɗan Inugu, wanda Kirista ne, ya ce labarin Annabi Ibrahim da ragon fansa yana cikin littafinsu, ya kuma ba su labarin bikin sabuwar doya da ake yi a ƙasarsu in damina ta yi nisa. Tambayoyi suka yi ta fitowa, duk da Turanci, ba wanda ya tuna da tsoron kuskure.

Lahadi: wani ƙauye a Sule Tankarkar

Ƙasar Sule Tankarkar jigawa ce mai rairayi, da kuka da gawo da aduwa jefi-jefi. Farkon Yuni ne, an share gonaki, wasu sun yi binne suna jiran ruwa. Yaran suka nuna mana gonakin da za a sa gero da wake, da waɗanda aka ware wa riɗi da zoɓo, amfanin da 'yan kasuwa ke saya su fitar ƙasashen waje. Wani yaro ya tsaya a gindin gawo ya bayyana abin da ya sa manomi ba ya sare shi: da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen ya zama taki, da rani kuma 'ya'yansa abincin dabbobi ne. Wannan bayani ne na kimiyyar noma cikakke, daga bakin ɗan aji ɗaya.

Yara ƙanana suka bi mu gida-gida da sababbin kaya suna karɓar goron sallah. Da la'asar 'yan mata suka yi da'ira a dandali suna gaɗa. Cikinsu akwai wata 'yar aji uku da malamarta ta daɗe tana damuwa da ita, don an fara maganar ba za ta wuce babbar sakandare ba. Ita ce ta ɗauki nauyin fassara wa baƙi abin da waƙoƙin ke nufi, da yadda mai bayarwa ke faɗawa baya sauran su tare ta. Ta yi kusan minti goma tana magana, kakarta na zaune a kan turmi tana kallo. Da ta gama, tsohuwar ta tambaye mu ko da gaske abin da yarinyar ke faɗa Turanci ne, ko shirme take yi. Muka ce Turanci ne, kuma baƙi sun gane. Ta jinjina kai ta ce za ta yi magana da ubanta. Yarinyar ta rubuta jarrabawar aji uku, kuma har muka bar garin sunanta na cikin rajista.

Bayan hutu

Da aka koma makaranta muka ce kowa ya rubuta abin da ya nuna wa baƙo, a shafi ɗaya. A nan ne jan biro ya dawo, muka gyara lokutan aikatau da rubutun kalmomi, domin jarrabawa ba ta yafe su. Bambancin shi ne yanzu akwai abin gyarawa, don shafukan sun cika. Muka ware minti goma a kowace Juma'a, ɗalibi ɗaya ya fito ya bayyana wani abu da ya sani fiye da malaminsa: yadda ake ɗaure wa raƙumi kaya, yadda ake tatsar man riɗi, yadda ake gane hadarin da zai zubar da ruwa. Baƙinmu ma ba su tashi a banza ba. Ɗan Inugu yanzu shi ke yi mana cinikin tumatir, kuma in tayi bai yi wa mai kaya ba ya san abin da zai ji.

Ku ma kuna iya gwadawa, ko babu baƙo a makarantarku. Ku zaɓi abu ɗaya na garinku da kuka sani ciki da waje, kasuwa ce, sana'ar gidanku ce, ko wani wasa. Ku rubuta jimla goma a kansa da Turanci, inda kuka rasa kalma ku faɗi siffarsa da amfaninsa. Sannan ku sami aboki ku karanta masa da ƙarfi, shi kuma ya yi muku tambaya uku. In akwai mai yi wa ƙasa hidima a makarantarku da ba ya jin Hausa, ku gayyace shi sallah mai zuwa, da izinin iyayenku.